Karatun Yawon Buɗe Ido a Jami'a: Kafin Ki Ce wa 'Yarki A'a

 

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, gidaje da yawa ba sa rasa 'yar muhawara. Ki ƙaddara 'yarki ce ta kammala sakandare da sakamako mai kyau, kina kicin kina tuƙa tuwon dare, sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabi, ta ce, "Umma, ni fa kwas ɗin kula da harkokin yawon buɗe ido nake so in cike." Na san abin da zai fara faɗo miki a rai. Kalmar "yawo" kaɗai ta isa ta sa gabanki ya faɗi, domin a wurinmu idan aka ce mace mai yawo ce ba yabonta aka yi ba. Sai kuma ki tuna da otal, ki tuna da irin maganganun da ake yi a kan matan da ke aiki a can, ki tuna da bakin dangin mahaifinta. Ƙila ma tun ba ta rufe baki ba ki ce, "Duk karatun duniya ki rasa wanda za ki yi sai na yawo?"

'Yar'uwa, tsoron nan naki ba laifi ba ne, tsoron uwa ne. Amma hukuncin da za ki yanke a tsaye a kicin yana iya shafar rayuwar yarinyar har tsufanta. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu zauna mu warware wannan karatu dalla-dalla: mene ne shi, me ake koyarwa, a ina ake yinsa, wane aiki ake samu da shi, kuma ina ne ramukan da ya kamata 'ya mace Musulma ta kauce wa. Bayan nan sai ke da maigida ku yanke shawara bisa sani.

Sunan ne ya ɓata shi

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan fanni, wadda hedikwatarta ke Madrid ta ƙasar Sifen, tana lissafa duk wanda ya bar inda ya saba zama ya je wani wuri na ƙasa da shekara guda, ba don a ɗauke shi aiki a can ba, a matsayin matafiyin da wannan fanni ya shafa. Idan kika duba da kyau, mu da kanmu muna ciki. Hajiyar da ta tafi Umra da azumi tana ciki. Wadda ta raka mahaifiyarta asibiti a Masar ko Indiya tana ciki. Haka mai zuwa saro kaya Dubai, da ayarin 'yan biki da suka taso daga Maraɗi zuwa Katsina, da malaman da suka zo musabaƙar Alƙur'ani daga jihohi daban-daban. Dukkansu suna bukatar abin hawa, masauki, abinci, tsaro da wanda zai nuna musu hanya. To, karatun da 'yarki take magana a kai shi ne koyon yadda ake tsara waɗannan abubuwa, a yi lissafinsu, a tafiyar da su ba tare da an wulaƙanta baƙo ba, kuma ba tare da an yi asara ba. Wanda ya karanta shi ba shi ne mai yawon ba. Shi ne mai kula da matafiya.

Wannan sana'a kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Zamanin fatauci, lokacin da kakanninmu ke zuwa Gwanja sayo goro, kowane ayari yana da madugu mai shugabanci da shirya tafiya, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya, sannan a zango akwai fatoma mai ba da masauki, ya ciyar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillalai. Yawancin unguwannin Zango da ake gani a Gana har yau daga nan suka samo asali. Abincin da fataken nan ke ci kuwa, ai matan gidan fatoma ne ke dafa shi.

A tarihin Musulunci ma akwai abin koyi daga mace. Zubaida 'yar Ja'afar, matar Halifa Haruna Rashid, ta ga wahalar ƙishirwa da alhazai ke sha, sai ta kashe dukiya mai yawa aka haƙa rijiyoyi da tafkuna, aka gina masaukai a kan hanyar da ta tashi daga Kufa ta ƙasar Iraƙi zuwa Makka, tafiyar kimanin kilomita 1,400. Har yau da sunanta ake kiran wannan hanya, sama da shekara 1,200 bayan an yi aikin. Sannan kin san yadda Alƙur'ani a Suratuz Zariyat ya ba da labarin yadda Annabi Ibrahim (AS) ya yi gaggawar kawo wa baƙinsa maraƙi mai ƙiba, kuma hadisi ingantacce na Bukhari da Muslim ya haɗa girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira. Mu ma a Hausa cewa muke baƙonka annabinka.

Me ake koyarwa a cikin shekara 4?

Digirin farko a wannan fanni yawanci shekara 4 ne. A shekarar farko ɗaliba za ta yi darussan gama-gari kamar Turanci, lissafi, kwamfuta, ilimin tattalin arziki da labarin ƙasa. Daga shekara ta biyu sai a shiga cikin gundarin karatun.

Akwai ɓangaren kuɗi da kasuwanci: akanta, tsara kasafi, talla, kula da ma'aikata da dokokin kwangila. A nan ne za ta koyi irin lissafin da masu masauki ke yi kullum. Misali, masauki mai ɗaki 40, idan aka kama 24 a dare guda, to kashi 60 cikin 100 ke nan ya cika. Ɗakin da ya kwana babu kowa kuwa kuɗinsa ya tafi har abada, ba kamar buhun shinkafa ba da za a iya ajiyewa a sayar gobe. Haka kujerar jirgin da ya tashi ba kowa a kanta. Wannan shi ne dalilin da ya sa kike ganin farashin tikiti da na masauki a Makka yana tashi a goman ƙarshe na Ramadan, sannan ya sauko a watannin da babu cunkoso.

Akwai ɓangaren tafiye-tafiye: yadda ake yankan tikitin jirgi ta manhajoji irin su Amadeus da Sabre, ƙa'idojin biza da fasfo, inshorar tafiya, da yadda ake haɗa tafiya guda ta ƙunshi jirgi, masauki, mota da abinci a fitar mata da farashi ɗaya.

Akwai ɓangaren karɓar baƙi: tsarin teburin tarbar baƙi, tsaftar ɗakuna da shimfiɗu, girkin jama'a masu yawa, kiyaye abinci daga lalacewa, da shirya taruka. Duk matar da ta taɓa ciyar da mutum 300 a walimar aure ta san wannan ba wasa ba ne. Bambancin kawai shi ne a jami'a ana koyar da shi da ma'auni da rubutu.

Akwai kuma ɓangaren tarihi da muhalli: adana kayan tarihi, kula da gandun namun daji, al'adun ƙabilu, da yadda za a kawo baƙi gari ba tare da sun ɓata tarbiyya da muhallin mutanen garin ba. Makarantu da dama suna haɗawa da harshen waje, musamman Faransanci. Idan 'yarki ta yi Islamiyya tana da Larabci, ki sani ta riga 'yan ajinsu da taku mai nisa.

Kafin ta kammala za ta fita sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, yawanci na wata 6, sannan ta rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe, daga nan sai bautar ƙasa.

A ina ake yinsa, kuma ta yaya ake shiga?

Cikin jami'o'in da ke da wannan sashe akwai Jami'ar Tarayya ta Wukari a jihar Taraba, da Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta, da Jami'ar Michael Okpara da ke Umudike. Jami'ar Nsukka ta haɗa shi da ilimin tono kayan tarihi, ta Ibadan kuma ta haɗa shi da kula da namun daji. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ita ma tana koyar da shi, kuma tana da cibiyoyi a faɗin ƙasa. Wannan albishir ne gare ki ke kanki uwargida, idan kina da sha'awar komawa karatu daga ɗakinki.

Idan kun fi son kusa da gida, kwalejojin fasaha irin su Kaduna Polytechnic da ta tarayya da ke Bauchi suna koyar da shi a matakin difloma. Shekara 2 ake yi a samu ND, a fita shekara 1 ta koyon aiki, a dawo a ƙara 2 a samu HND. Mai ND mai kyau tana iya neman shiga jami'a kai-tsaye daga aji biyu. Akwai kuma cibiyar gwamnatin tarayya ta NIHOTOUR, wadda aka kafa tun ƙarshen shekarun 1980 musamman don horar da ma'aikatan wannan fanni, kuma a Bagauda ta jihar Kano ta fara koyarwa. Tana ba da gajerun kwasa-kwasai na girki, tarbar baƙi da shirya tafiya.

Sharaɗin shiga jami'a shi ne kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci, kuma mafi yawan makarantu suna neman lissafi. Ga wani abu da ke kayar da yara da yawa: wasu jami'o'in sun sanya wannan kwas a ƙarƙashin tsangayar kimiyya ko aikin gona, don haka suna neman darussa irin su kemistiri da bayoloji, wasu kuma sun sanya shi a tsangayar gudanarwa, suna neman ilimin tattalin arziki da labarin ƙasa. Idan yarinya ta zaɓi darussan da ba su dace da makarantar da ta cike ba, ko ta ci maki mai yawa ba za a ɗauke ta ba. Saboda haka a buɗe kundin bayanin JAMB na wannan shekarar a karanta tun kafin a je wurin rajista, kada a bar wa mai shagon kwamfuta zaɓi. A kuma tabbatar hukumar NUC ta amince da kwas ɗin idan jami'a ce, ko NBTE idan kwalejin fasaha ce. Matambayi dai ba ya ɓata. Ta fuskar kuɗi kuma, tun 2024 asusun NELFUND ya fara ba ɗaliban makarantun gwamnati bashin karatu maras ruwa.

To, in ta gama aikin me za ta yi?

Wannan ita ce tambayar da maigida zai fara yi, kuma yana da gaskiya.

Babbar ƙofa a wurinmu ita ce Hajji da Umra. A shekarun 2023 da 2024 mahajjata sama da miliyan 1.8 ne suka tsaya a Arfa kowace shekara, kuma kujeru 95,000 Saudiyya ta ware wa Nijeriya a waɗannan shekaru. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, da kamfanonin jirgin yawo masu zaman kansu, duk suna bukatar masu ilimin tsara tafiya. Ki tuna da hajiyoyinmu na karkara, tsofaffi waɗanda ba su taɓa hawa jirgi ba, ba su san yadda ake amfani da na'urar hawa bene ko katin buɗe ɗaki ba. Wa zai shiga ɗakin mata ya nuna musu? Wa tsohuwa za ta iya gaya wa larurarta ta mata ba tare da kunya ba? Sai mace 'yar'uwarta. Kuma kada ki ɗauka tsari ƙaramin abu ne a wannan aiki. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum sama da 1,300 a lokacin tsananin zafi, kuma sun ce mafi yawansu waɗanda suka je ne ba tare da izinin Hajji ba, ba su da tanti, ba su da motar da za ta ɗauke su. Allah Ya jiƙansu. Sau da yawa irin waɗannan bayin Allah ejan-ejan marasa amana ne ke karɓe musu kuɗi su watsar da su. Kuɗin kujera kuwa ya tashi daga kusan naira miliyan 3 a 2023 zuwa sama da miliyan 8 a 2025. Dukiyar da mutum ya yi shekaru yana tarawa ta cancanci ta faɗa hannun mai ilimi da tsoron Allah.

Ƙofa ta biyu ita ce aikin gwamnati: ma'aikatar tarayya mai kula da al'adu da yawon buɗe ido, hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, gidajen adana kayan tarihi irin su Gidan Makama a Kano, da hukumar kula da gandayen daji. Waɗannan ayyuka ne na ofis, a fita da safe a dawo da yamma.

Ta uku ita ce koyarwa. Wadda ta ci gaba zuwa digiri na biyu tana iya zama malama a kwalejin fasaha ko jami'a, kuma 'yan Arewa mata a wannan fanni ba su da yawa.

Ta huɗu, wadda ni na fi ganin ta dace da matar aure, ita ce sana'ar kai. Shirya bukukuwa da walima, girkin taro, hayar zauren taro na mata zalla, yankan tikiti da neman masauki daga gida ta waya da kwamfuta, ko shirya wa makarantun Islamiyya da na boko ziyarar ilimi zuwa wuraren tarihi. Mata nawa ne a unguwarku ke yin girkin biki amma su tashi ba riba saboda ba su iya fitar da farashi ba? Wannan karatu yana maganin haka.

A duniya baki ɗaya fannin ba ƙarami ba ne. A 2024 an ƙiyasta tafiye-tafiyen baƙi tsakanin ƙasashe sun kai kusan biliyan 1.4. Rahoton hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 ya nuna kashi 54 cikin 100 na ma'aikatan fannin mata ne, kuma a 2025 aka zaɓi Shaikha Al Nowais 'yar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shugabanci hukumar, mace ta farko da ta hau wannan kujera. Ƙasar Maleshiya tun 2009 ta kafa cibiya ta musamman don tsara yawon buɗe ido da ya dace da Musulunci: masaukin da ke da abincin halal, alamar alƙibla a ɗaki, wurin salla, da wuraren shaƙatawa da aka raba maza da mata. Saudiyya ma tun 2019 ta fara ba da bizar yawon buɗe ido.

Arzikin da ke ƙofar gidanmu

Wani abin takaici shi ne da yawanmu mun fi sanin kasuwannin Dubai fiye da abin da Allah Ya ajiye mana a gida. Yankari a jihar Bauchi an keɓe shi tun 1956, an buɗe wa jama'a a 1962, yana da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki wanda ɗuminsa ke tsayawa a kusan digiri 31 rani da damina. Sukur a jihar Adamawa shi ne wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Tsohon garin Agadas a Nijar ya shiga a 2013. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya a 2016, sai hawan Daba na Kano ya bi baya a watan Disambar 2024. Ga Hubbaren Shehu a Sakkwato, ga Gobarau a Katsina, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi da dutsen Dala a Kano, ga tsaunin Mambila a Taraba.

Tambayi yaranki, nawa daga cikin waɗannan suka taɓa gani da idonsu? Idan 'ya'yanmu ba su karanci yadda ake kula da waɗannan wurare ba, wasu ne za su zo su tafiyar da su, su kuma ba da tarihinmu yadda suka ga dama.

Inda gizo ke saƙar

Ba zan ɓoye miki ba, uwargida, akwai matsaloli, kuma wasunsu manya ne.

Na farko shi ne giya. Manyan otal-otal da yawa a Legas da Abuja da ƙasashen waje suna sayar da ita, kuma a wasu makarantu darasin abinci da abin sha yana taɓo ta. Hadisi ya tabbata cewa tsinuwa a kan giya ba ta tsaya ga mai sha kaɗai ba, ta haɗa da mai ɗauka, mai zubawa da mai sayarwa. Wannan iyaka ce da ba a sasantawa a kanta. Tun kafin a biya kuɗin makaranta a je sashen a tambaya yadda ake gudanar da darussan gwaji, haka kuma idan lokacin sanin makamar aiki ya zo, ku iyaye ku sa hannu wajen zaɓar wurin. Kamfanin Hajji da Umra, gidan tarihi, ma'aikatar gwamnati ko masaukin da ba a sayar da giya duk suna cika wannan sharaɗi.

Na biyu shi ne aikin dare da keɓancewa da maza. Otal ba ya rufewa, don haka ma'aikatan teburin tarbar baƙi da masu gyaran ɗaki suna yin karɓa-karɓa har da dare. Ba zan ba wa wata uwa shawarar ta bar 'yarta budurwa a irin wannan aiki ba. Amma ki sani otal reshe ɗaya ne kawai na bishiyar, kuma ko a cikinsa akwai ofishin kuɗi da na ma'aikata da na sayayya waɗanda da rana ake yinsu.

Na uku shi ne tafiya. Wasu ayyukan, musamman rakiyar alhazai, suna bukatar a yi makonni ba a gida. Maganar muharrami malamai sun yi bayani a kanta, kuma akwai saɓani tsakanin mazhabobi game da tafiyar mace cikin amintacciyar tawaga. Saudiyya ta sassauta sharaɗin ga mata mahajjata, amma dokar ƙasa daban, fatawa daban. A zauna da malamin da aka yarda da iliminsa a ji hukunci, kuma idan mai neman aurenta ya fito a gaya masa irin aikin tun kafin a shafa fatiha.

Na huɗu shi ne sutura. Wasu wuraren aiki suna da yunifom ɗin da bai dace da 'ya Musulma ba. Ta tambaya tun ranar ganawar ɗaukar aiki. Wurin da ba zai karɓe ta da hijabinta ba, ba wurinta ba ne, kuma arziki na Allah ne.

Na biyar, kasuwar tana da saurin girgiza. Lokacin annobar korona, a 2020, tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe sun ragu da sama da kashi 70 cikin 100, kuma shekara 2 a jere, 2020 da 2021, babu maniyyacin da ya tashi daga Nijeriya zuwa Hajji. Masu kamfanonin tafiya sun ji jiki ƙwarai. A gida kuma matsalar tsaro ta rage baƙin da ke zuwa Arewa, har bikin Argungu sai da ya yi kimanin shekara 10 ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Albashin farawa a kamfanoni masu zaman kansu shi ma yawanci ba shi da kauri. Don haka kada ta dogara da takardar digiri kaɗai. Ta haɗa da wata ƙwarewa da za ta ci abinci da ita ko da baƙi sun ɗauke ƙafa, kamar akanta, girki, kwamfuta ko harshe.

Yadda za ki gane ko ya dace da ita

Ke kika haife ta, kin fi kowa sanin halinta. Idan baƙi suka zo gida, ita ce mai saurin tashi ta kawo ruwa da fara'a, ko kuwa ɗaki take shigewa? Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan aiki da fuska ake yinsa. Tana da haƙurin jure faɗan mutumin da ya gaji da tafiya? Idan kika aike ta cefane tana dawo miki da lissafi daidai? Tana iya cewa a'a idan aka zo mata da abin da ya saɓa wa addininta, ko kunya ce ke cin ta?

Sannan ki zaunar da ita ki tambaye ta dalilinta, ba cikin faɗa ba. Idan amsarta ita ce tana son hawa jirgi ta ga ƙasashe kamar yadda take gani a waya, to ki fahimtar da ita cewa mafi yawan ma'aikatan wannan fanni a kan kujera suke wuni suna lissafi da amsa waya, wasu ne ke yin tafiyar. Idan kuwa ta ce tana son hidimar alhazai, ko tana son buɗe wurin shirya taruka, ko tarihi ne ke burge ta, to akwai alamar ta yi tunani.

Tunda gani ya kori ji, ki nemi izinin maigida ku je tare da ita ofishin hukumar alhazai ta jiharku ko wani kamfanin Umra mai rajista, ku nemi wata ma'aikaciya mace ku ji daga bakinta yadda take haɗa aiki da gida. A lokacin hutu kuma ta yi ko mako 2 tana taya wata mai girkin biki aiki. Idan ta dawo ƙafa a kumbure amma tana ba ki labari da murna, kin samu amsa. Idan ta ce ba za ta koma ba, kun huta da asarar shekara 4.

Wajen shawo kan maigida kuma, kada ki tare shi da maganar yana shigowa a gajiye. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki kawo masa bayanin a rubuce: sunan makaranta, kuɗin da za a kashe, inda za ta zauna, da irin aikin da ake fata. Idan ya ƙi, kada ki haɗa kai da yarinya a cike fom a ɓoye, domin karatun da aka fara da saɓa wa uba ba ya albarka. A nemi wani babba da yake jin maganarsa, a kuma yi istihara. Idan har ƙarshe bai amince ba, akwai kwasa-kwasai makusanta da za su iya kai ta wuri guda, kamar gudanar da kasuwanci, tarihi, labarin ƙasa, kimiyyar abinci ko Larabci, daga baya ta ƙara da gajeren horo.

Mu da kanmu, idan muka je ofishin tafiya ko sansanin alhazai, daɗi muke ji mu tarar da mace mai hijabi a bayan tebur, mai jin Hausa, wadda za ta kira mu Hajiya ko Mama ta yi mana bayani a hankali. To ita ma wannan 'yar wata ce, kuma wata rana uwarta ta tsaya a kicin ta saurare ta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaɓa musu abin da ya fi alheri a duniya da lahira, Ya kai mu ɗakinSa mai alfarma da mu da iyayenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Mai Duka Ya kai mu. Wassalamu alaikum.